Cikar Allo da Cikar Hoto: Gardamar Gidajen Kallo a Tasawa da Mayahi

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a gidajen kallo na gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi, tun zamanin da kaset ɗin bidiyo ya fara shigowa daga Kano, kuma har yau ba ta mutu ba, kama kawai ta sake. Da zarar an kunna fim, hoto ya fito da baƙin layi mai kauri a sama da wani a ƙasa, sai ƴan kallo su ɗauki gunaguni. Wasu su ce tele ta lalace, wasu su ce mai gida ya sayo kaset na banza, wasu kuwa su ce an rufe musu rabin abin da suka biya kuɗi domin su gani. Shi kuwa mai gidan kallo, wanda abincinsa ya rataya ga dala biyar ko dala goma da kowane saurayi ke miƙawa a bakin ƙofa, ba shi da lokacin dogon bayani. Ran kasuwa mai zuwa sai ya mai da kayan wurin wanda ya sayar masa, ya ce a musanya masa da wanda ya cika allo.

A bayan kwalin faifan da ya fito daga kamfani na ainihi akan rubuta ɗaya daga cikin kalmomi biyu na Ingilishi, Widescreen ko Fullscreen. A bugun Faransa kuwa akan ga plein écran, ko format respecté, ko lambobi kamar 4/3 da 16/9. Ma'anar kalmar farko ita ce hoto mai faɗi, ta biyun kuwa cikakken allo, kuma ita ce ta yaudari jama'a shekara da shekaru. Duk wanda ya ji an ce abu cikakke ne zai ɗauka ba a rage masa kome ba, kamar tiyar gero da aka cika har tsororuwa. Alhali kuwa allon ne ya cika. Hoton, a finafinai masu yawa, sai da aka datse masa gefen dama da gefen hagu kafin ya cika allon.

Asalin maganar awo ne. Tun farkon sinima hoton fim bai fi murabba'i faɗi da yawa ba: in faɗinsa kamu huɗu ne, tsayinsa kamu uku. Cikin shekara ta 1932 ƙungiyar masu sinima ta Amurka ta tsai da awo ɗaya domin kowa, watau faɗi 1,37 bisa tsayi 1, kuma da aka zo ƙera tele sai aka ba ta kusan wannan siffa, 4 bisa 3, watau 1,33, har finafinan da ke akwai suka riƙa shiga cikinta ba tare da wahala ba. Bayan yaƙin duniya na biyu tele ta shiga gidajen Amurkawa, mutane suka rage fita zuwa sinima, masu sinima kuma suka shiga neman abin da wannan ƙaramin akwati ba zai iya kwaikwaya ba. Abin da suka samu shi ne faɗi. A shekara ta 1953 kamfanin 20th Century Fox ya fito da fim ɗin The Robe bisa wata dabara da aka sa wa suna CinemaScope, wadda ta dogara ga wani madubi da wani Bafaranshe, Henri Chrétien, ya ƙirƙiro tun cikin shekarun 1920. Lokacin ɗauka madubin yakan matse fili mai faɗi ya shigar da shi cikin siririn fim, sa'an nan ranar nunawa wani madubi a bakin majigi ya sake buɗe shi a bango. Daga baya awon wannan dabara ya tsaya a 2,35 bisa 1, watau faɗin hoto ya ninka tsayinsa sau biyu har da ɗori. Waɗansu kamfanoni kuma suka zaɓi matsakaicin awo, 1,85.

Ba a daɗe ba sauran ƙasashe suka bi sawu. A Indiya, Guru Dutt ya yi fim na farko da CinemaScope a shekara ta 1959, mai suna Kaagaz Ke Phool, kuma zuwa shekarun 1980 mafi yawan finafinan Bombai da wannan awo ake yin su. Haka finafinan faɗa na Hong Kong, waɗanda ake ce wa na Cainis, haka na kaboyi da Italiyawa suka yi. Watau dai kusan dukan abin da samarin ƙasar Hausa suka fi so su kalla an yanka shi ne bisa awon bangon sinima. Ɗan cin ranin da ya baro Kanambakashe ko Urafan ya ga irin wannan fim a Plaza ko Marhaba a birnin Kano, ya gan shi da dukan faɗinsa. Da ya komo gida ya sake kallonsa a tele, ba lalle ba ne ya gane cewa ba duka ya iso ba.

Hanya biyu ce ta shigar da hoto mai faɗi cikin tele mai awon 4 bisa 3, kuma kowa ya taɓa kallon hawan salla a Tasawa ya san su. Wanda ya ja da baya ya tsaya nesa yana ganin jerin dawakin gaba ɗaya, tun daga ƴan lifida har makaɗa, amma yana ganinsu ƙanana. Wanda ya leƙo ta ƙofar zaure kuwa yana ganin doki biyu ko uku manya-manya, har adon sirdi da linzami, amma abin da ke dama da hagu bango ya tsare masa. Bugu mai faɗi shi ne na wanda ya tsaya nesa: an rage girman hoton har faɗinsa duka ya shiga, wurin da ya saura a sama da ƙasa kuma aka bar shi baƙi. Babu kome a ƙarƙashin wannan baƙin layi, fili ne da hoto bai kai ba. Bugun cikakken allo shi ne na mai leƙen zaure.

Lissafin hasarar ba shi da wuya. In aka cika tsohuwar tele da fim mai awon 2,35, kashi 43 cikin 100 na hoton ya tafi. In mai awon 1,85 ne, kashi 28 cikin 100. Kuma ba almakashi kawai ake sawa a tsakiya ba. Wani ma'aikaci ne a ɗakin na'ura yake zama yana bin fim ɗin daki-daki, yana zaɓen gefen da za a nuna da wanda za a zubar, yana jan hoton dama ko hagu zuwa wurin mai magana. Inda mai shirya fim ya ajiye mutum biyu suna duban juna cikin hoto ɗaya, ma'aikacin yakan raba su, ya nuna wannan sa'an nan ya nuna wancan, ko kuwa, in ya yi kasala, ya bar na'ura a tsakiya, sai a ga hanci biyu suna magana da juna bisa wani fili da babu kowa. Waɗanda suka yi zamanin kaset za su tuna wani abu kuma: a farkon finafinan Cainis, sa'ad da sunaye ke wucewa, mutane sukan fito dogaye sirara kamar karan dawa, sai bayan sunayen sun ƙare su koma daidai. Dalili kuwa shi ne ba a iya datse rubutu, domin haka akan bar wannan yanki a matse kamar yadda madubin Chrétien ya matse shi.

Abin da ake zubarwa ba ciyawar bakin hanya ba ne kullum. A ƙarshen Le Bon, la Brute et le Truand, wanda Sergio Leone ya yi a 1966, mutum uku ne ke tsaye nesa da juna a tsakiyar maƙabarta, kowa na jiran wanda zai fara kai hannu ga bindiga, kuma dukan armashin wurin yana cikin ratar da ke tsakaninsu. In aka datse gefe biyu, uku sun koma ɗaya. A Enter the Dragon na Bruce Lee, na 1973, akan ga ƙafa ta kai duka ba a ga wanda ta sama ba. Finafinan Indiya sun fi kowa shan wannan wahala, domin sun fi kowa cika fili da ƴan rawa, kuma labarinsu sau da yawa na mutum uku ne, kamar Kuch Kuch Hota Hai na 1998. A irin wannan labari, wanda ke tsaye a gefe bai ce kome ba yana kallon sauran biyun, shi ne sau da yawa zuciyar hoton, shi ne kuma na farkon faɗa wa almakashi. Masu shirya fim da yawa ba su yarda da wannan aiki ba. Sydney Pollack, Ba'amurke, ya kai gidan telebijin na ƙasar Danmak ƙara domin ya nuna fim ɗinsa Three Days of the Condor a datse. A shekara ta 1997 kotu ta yarda an ɓata aikin, amma ba ta ba shi gaskiya ba, domin haƙƙin mallakar fim ɗin ba a hannunsa yake ba.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne Sarraounia, wanda Med Hondo ya shirya a 1986 daga littafin Abdullahi Mamani, ya ɗauke shi a Burkina Faso da awo mai faɗi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin ayarin Voulet da Chanoine ne na shekara ta 1899, kuma mutanen gundumar Tasawa ba baƙi ba ne gare shi: a Ɗankori aka harbe Kanar Klobb ran 14 ga watan Yuli, kwana biyu da uku bayan haka sojojinsu suka kashe kyaftin ɗin biyu, kaburburansu kuwa suna Maijirgi. Abin da faɗin hoto ke nunawa a wannan fim shi ne yawa, watau tsawon ayarin, da ƴan dako, da matan da aka kamo, ga kuma ƴan tsirarun Turawan da ke bisa kan wannan taro duka. In aka datse shi domin ya cika tele, fuskar kyaftin za ta ƙara girma, mutanen da ya kora gabansa kuma su fita daga allo. Wanda ya nemi kallonsa a Maijirgi ko Korgom ya cancanci a ba shi da jama'arsa cikakku.

Amma kuma ba daidai ba ne a ɗauki mai gidan kallo na wancan zamani jahili. Yana da hujjarsa, kuma awo yana bayansa. Tele mai inci 14, wadda ta fi yawa a ƙauyuka domin ita ƙaramin injin wuta ko batir ke iya ɗauka, faɗin gilashinta santimita 28 ne, tsayinsa 21. In aka sa mata fim mai awon 2,35 da faɗinsa duka, tsayin hoton ba zai wuce santimita 12 ba, bai kai taƙi ɗaya ba ke nan. Ko mai inci 21, santimita 18 kawai take bayarwa. To, a ɗora wannan bisa tebur cikin rumfar zana, mutum talatin ko arba'in a kan benci da tabarmi, na baya yana taku bakwai ko takwas daga allo. Gare shi fuskar jarumi ba ta fi goro girma ba, rubutun fassara kuwa, in ma ya iya karatun, ya zama jerin tururuwa. Da faifan VCD ya zo, wanda aka ƙirƙiro a 1993, ya kuma mamaye kasuwannin yankin cikin shekarun 2000 saboda araha, sai abin ya ƙara muni ta wata fuska. Layi 288 kawai hotonsa ke da shi daga sama zuwa ƙasa, in kuwa baƙin layi ya ci rabonsa, abin da ya rage wa fim ɗin bai fi layi 163 ba. A ƙara da cewa mafi yawan kayan da ke isowa ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta hanyar Daura, kwafin kwafi ne, kowane juyi kuma yana rage haske da kaifi. Cikin wannan hali, zaɓen babban hoto datsattse bisa ƙaramin hoto cikakke zaɓen mai hankali ne, kuma ƴan kallo da ƙafafunsu suke yanke hukunci: gidan da hotonsa ya fi girma can suke tafiya.

Ba ma wannan kaɗai ke damun mai saye a lokacin ba. Telebijin na Nijar bisa tsarin launi na Faransa yake, SECAM, na Najeriya kuwa PAL, domin haka kaset ɗin Kano a kan tele mai jin SECAM kaɗai baƙi da fari yake fitowa, sai an sami na'ura mai jin tsari biyu. Wanda ke fama da neman launi da wuya ya tsaya ƙirga abin da ya ɓace a gefe.

Inda kuskure yake shi ne a mai da zaɓen nan doka, ko ta wannan gefe ko ta wancan. Ba kowane fim da ya cika tsohuwar tele aka datse ba. Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957, wanda kuma tsofaffi a ƙasar Hausa suka kalla har suka haddace, da tsohon awo aka ɗauke shi, saboda haka cika allo ita ce siffarsa ta gaskiya. Haka finafinan farko na Nijar, irin Cabascabo na Umaru Ganda da Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan, waɗanda aka ɗauka da ƙaramin fim mai milimita 16. Wani lokaci ma bugun cikakken allo yakan nuna abin da sinima ba ta nuna ba. Sholay na 1975 da cikakken awo aka ɗauke shi, sa'an nan aka rufe sama da ƙasa domin manyan gidajen sinima, kuma da aka fitar da shi a DVD aka yi bugu biyu: mai faɗi, wanda shi ne aka nuna wa jama'a bayan hukumar tace finafinai ta Indiya ta sa an sake ƙarshensa, da mai cika allo, wanda ya fi tsawo, yake kuma ɗauke da ƙarshen da Ramesh Sippy ya nufa tun farko. A nan mai neman abin da mai shirya fim ya so, bugun cikakken allo zai ɗauka. A gefe guda kuma akwai faɗin ƙarya, domin da ƴan kasuwa suka lura wasu masu saye na ɗaukar baƙin layi alamar kaya na ainihi, sai aka sami masu shafa shi bisa hoton da aka riga aka datse. Wanda ya sayi wannan ya yi biyu babu, an ci masa gefe, an kuma ci masa sama da ƙasa.

Sai finafinan Hausa na Kano, waɗanda su ne suka cika gidajen kallo na Mayahi da Tasawa fiye da kowane iri. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, har zuwa Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 da barkwancin marigayi Rabilu Musa Ibro na waɗannan shekaru, da kyamarar bidiyo aka ɗauke su, domin tele ta gida aka yi su, ba su taɓa sanin wani awo ba sai 4 bisa 3. Shi ya sa ba su taɓa jawo gardama ba a lokacin, suna shiga allo kamar an auna. Su ne ma suka saba wa idon jama'a cewa fim na kirki shi ne wanda ya cika gilashi.

Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Awon 16 bisa 9, watau 1,78, wanda wani injiniya Ba'amurke, Kerns Powers, ya kawo shawararsa cikin shekarun 1980 domin ya zama tsaka-tsaki tsakanin tsohuwar tele da bangon sinima, shi ne awon kowace tele mai falle da ake sayarwa a Maraɗi, kuma da yake ba ta cin wuta kamar mai ƙusumbi, allon hasken rana da batir sun kai ta garuruwan da waya ba ta kai ba. A kan mai inci 32, wadda faɗinta ya kai santimita 71, tsayinta 40, fim ɗin Indiya mai awon 2,35 yana fitowa da tsayin santimita 30, da ɗan baƙin layi da bai kai yatsa huɗu ba a sama da ƙasa. Hujjar mai gidan kallo ta dā ta faɗi ke nan, domin na bayan rumfa yana gani sarai. Sababbin shirye-shiryen Hausa, irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina da Izzar So waɗanda suka fara a 2020, da awo mai faɗi ake ɗaukarsu, suna cika sabuwar tele ba a rage kome ba. Waɗanda suka rasa wurin zama su ne tsofaffin finafinan Kano. In aka bar su yadda suke, baƙin layin yakan koma dama da hagu, ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin allo, gunagunin nan na dā kuma ya tashi daga bakin ƴaƴan masu yinsa.

Maganin da aka fi yi ya fi cutar muni. Akan danna maɓalli a telekomandi a ja hoton ya cika, watau a ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa ba a ƙara tsayi ba. Sai a ga ƴan wasan da aka sani sirara sun zama gajeru masu ƙiba, hula ta baje kamar faifai, ƙafar mota ta koma ƙwai. Abin mamaki shi ne ido yakan saba cikin mintoci kaɗan, har wasu gidaje sun yi shekaru tele na nan a haka, labaru da ƙwallo da wa'azi duka a jaye, ba wanda ya lura. Wasu kuma sukan matso da hoton har ya cika ba tare da ja ba, nan kuwa kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ke fita, rawani ya ɓace a sama, rubutun fassara ya nitse a ƙasa. Tsohon bugun cikakken allo na fim ɗin Indiya shi ya fi ban tausayi a sabuwar tele: an datse shi domin akwatin da aka daina yayi, yanzu kuma ana jansa domin ya cika wurin da abin da aka yanke masa zai zauna daidai.

Zaɓen ma ya sake hannu. Faifai ya ja baya, mai saye ba ya juya kwali ya karanta. Yakan miƙa wayar salula ko memori ga saurayin da ke zaune da kwamfuta a tasha ko bakin kasuwa, ya ce a tura masa fim goma, na Indiya da aka fassara da Hausa a Kano, da na barkwanci, da tsofaffi biyu ko uku domin iyaye. Abin da ke cikin kwamfutar saurayin shi kowa zai samu, daga Isawan har Hawan Dawaki, shi kuma ya samo shi ne daga wani a Maraɗi, wanda ya sauko da shi daga intanet, inda wani ya riga ya matse shi domin ya rage nauyi. Duk datsar da aka yi a ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa ta shiga jikin fim ɗin, babu maɓallin da zai komo da ita. Ita kanta wayar tana ƙara nata, domin taɓa gilashi sau ɗaya ya isa ya faɗaɗa hoto ya cika, masu yanko gutsattsarin fim domin TikTok da WhatsApp kuma sukan tsai da shi a tsaye, su bar siririn yanki na tsakiya, wanda ko sulusin hoton sinima bai kai ba.

Gane kayan da aka taɓa ba ya bukatar ilmin lakwal. A nemi abin da aka san zagayayye ne a cikin fim, wata ko ƙafar keke ko bakin tukunya ko tire: in ya fito kamar ƙwai a kwance an ja hoton, in kamar ƙwai a tsaye an matse shi. A dubi sunayen da ke farkon fim ko harufan gefe sun cika, a dubi kan mutane ko hula na fita daga allo alhali suna tsaye wuri ɗaya, a kuma lura ko ana yawan jin muryar wanda ba a gani. Shekarar fim ma jagora ce. Na Indiya ko na Cainis ko na Amurka da aka yi bayan shekarun 1970, in ya fito da siffar tsohuwar tele, akwai dalilin tuhuma. Na Kano da aka yi kafin wajejen 2010, in ya cika tele mai falle daga gefe zuwa gefe, an yi masa wani abu. A telekomandi akwai maɓalli mai suna Format ko Aspect ko P.Size, kuma a cikin abin da yake bayarwa, Original ko Auto ko 4:3 shi ke mai da hoton ga awonsa.

Shahararrun finafinan Indiya da na Amurka sun fi samun kariya, domin da yawa daga cikinsu an ajiye asalinsu, ana kuma sake fitar da su a gyare. Na Kano na shekarun 1990 ba su da wannan gata. A kaset aka ɗauki mafi yawansu, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura da gara, na'urorin da ke karanta shi ma an daina ƙera su tun 2016. Kwafin da wani ya zuba cikin kwamfuta a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, watakila shi kaɗai zai saura, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a YouTube da memori an riga an ja su ko an datse su tun wurin juyawa, domin kada mai kallo ya yi ƙorafi. Mai juyar da tsohon kaset, in ya bar shi a awonsa na 4 bisa 3, bai hana kowa kome ba, domin mai son cika allo yana iya danna maɓalli a gidansa. A tele mai inci 32, Sangaya da ba a taɓa ba yakan tsaya a tsakiya da faɗin santimita 53, da baƙin fili na santimita 9 a kowane gefe, fuskokin Ali Nuhu da Fati Muhammad kuma a siffar da kyamara ta gan su a 1999.